Ajin Da Ba Ya Cikin Lissafi

Shafi na 23

Masu ƙorafin na bar Antin Rediyo a tsaye bakin ƙofar makaranta, ku yi haƙuri haka nan, ga ta nan ta shiga.

*

Duk garin babu gidan da bai san muryarta ba. Antin Rediyo, mai shirin iyali na yamma. Mata suna yanka albasa suna jin ta, direbobi suna jin ta a kan hanya.

Ita kuwa gidan da take komawa babu mai ce mata sannu da zuwa.

Tun da mijinta ya rasu, 'yarta tilo kuma tana makarantar kwana, sai gidan ya yi mata faɗi. Ta dafa abinci kaɗan, ta ci a tsaye a kicin, ta wanke faranti ɗaya. Ɗakin Shalele, kamar yadda marigayi yake kiran yarinyar, tana share shi duk mako ta sake rufewa.

Yau aiki ne ya kawo ta makarantar. Iyaye sun ishe ta da tambaya a shirin, wace sakandaren 'yan mata ta gwamnati ce ta fi dacewa a kai yarinya? Kullum amsarta ɗaya ce, wannan makarantar. In mai tambaya ya yi jim, sai ta ƙara da cewa, "Ni ma tawa 'yar tana can." Shi ya sa furodusanta ya ce ta ɗauki rikoda ta je ta haɗo shiri guda a kan sirrin nasararsu.

Mataimakiyar shugabar makaranta ce take zagayawa da ita, mace mai fara'a da saurin magana.

"Nan ne ɗakin gwaje-gwajenmu, Anti. Ki duba da kyau, ba na ado ba ne."

Gaskiya ta faɗa. Ga kwalabe a jere, ga famfo yana kawo ruwa, ga 'yan mata cikin fararen riguna sun duƙufa a kan wani abu mai tafasa. Ɗakin karatun ma cike yake da littattafai, har da mai kula da shi. Ɗakunan kwana a share, kowane gado da gidan sauronsa. A ƙaramin asibitin makarantar ta tarar da nas a zaune, ba a kira ta don baƙuwa ba.

"Malaman lissafi fa? Iyaye suna yawan tambaya."

"Muna da su, kuma ba sa fashi. Shugaba ba ta ɗaukar wargi."

"Sakamakon jarrabawar fita ta bara fa?"

Mataimakiya ta yi murmushi har kunne.

"Duk wadda muka zaunar ta ci. Ko ɗaya ba ta faɗi ba."

Antin Rediyo ta ji wani sanyi a ranta. Ko ba komai, ba ta yaudari kowa ba. Ta gyara riƙon rikodar.

"To bari in leƙa 'yata kafin mu je ofis. Tana ajin ƙarshe."

Murmushin matar ya ɗan rage.

"Suna tsakiyar darasi yanzu."

"Ta taga kawai zan hango ta."

"Da dai kin bari an tashi, sai in sa a kira miki ita ofis."

"Haba Malama, uwa ce fa. Ba zan yi magana ba."

Ba ta jira amsa ba ta nufi ajin, don ta san shi. Ta tsaya jikin taga tana bin fuskoki layi-layi. Ta bi daga gaba zuwa baya. Ta sake bi daga baya zuwa gaba.

Babu Shalele.

Wata yarinya da ke bakin tagar ta ɗago. Antin ta gane ta, gadonsu ɗaya da Shalele tun ajin farko, ita a sama Shalele a ƙasa.

"Ina wuni, Anti," yarinyar ta faɗa ƙasa-ƙasa. "Shalele kike nema?"

"Ita. Ba ta da lafiya ne?"

"Lafiyarta ƙalau. Ai tana ajin baya."

"Wane ne ajin baya?"

Yarinyar ta hango Mataimakiya a bayan Antin, sai ta sunkuyar da kai kan littafinta kamar ba ita ta yi magana ba.

Antin ta juya.

"Malama, mene ne ajin baya?"

"Wani ɗan tsari ne na cikin gida. Shugaba za ta yi miki bayani."

"A ina yake?"

"Anti, mu je ofis tukuna."

"A ina yake?"

Idon matar ya riga bakinta. Ya kai ga wani lungu da ke bayan kicin ɗin makarantar.

Nan Antin ta bi. Ta wuce manyan tukwane da aka kife suna shan rana, ta wuce tarin karyayyun gadajen ƙarfe. Fentin makarantar ma a nan ya ƙare. A ƙarshen lungun akwai wani dogon ɗaki mai kwano, da gani tsohon sito ne.

Ta tura ƙofar.

'Yan mata ne cike da ɗakin, da kayan makaranta iri ɗaya da na sauran. Wasu kan benci, wasu kan bokiti da aka kife. Babu malami. Wata doguwar yarinya ce a gaban allo tana kwafe wani lissafi daga littafi, tana rubutawa tana gogewa, ita ma ba ta gane shi ba.

Duk suka juyo.

Can baya, kusa da tagar da babu gilashi, Shalele ta miƙe a hankali.

Ta rame. Wuyan rigarta ya yi mata yawa.

"Mama."

"Me kike yi a nan?"

"Nan ne ajinmu."

"Tun yaushe?"

"Tun farkon shekara."

Antin ta ƙura mata ido. Ta zo ranar ziyara ba sau ɗaya ba a shekarar nan. Sun zauna ƙarƙashin bishiya, ta tambaye ta ya karatu, yarinyar ta ce lafiya lau.

"Ina malaminku?"

Doguwar da ke gaban allo ce ta amsa.

"Suna zuwa in sun gama da 'yan gaba. In da sauran lokaci."

Wata daga gefe ta yi 'yar dariya marar daɗi.

"Lokacin ne dai ba ya saura."

Antin ta dubi 'yarta.

"Ki jira ni a nan."

*

Shugabar makarantar dattijuwa ce, siririya, da tabarau a ƙarshen hanci. Ba ta yi mamakin yadda Antin ta shigo babu sallamar kirki ba. Ta nuna mata kujera, ta yi wa Mataimakiya alama ta ba su wuri.

Antin ta zauna, ta ajiye rikodar a kan tebur.

"Na ga ajin baya, Hajiya."

"An gaya mini."

"'Yata tana ciki."

"Na sani. Ni na sa hannu."

"Mene ne shi?"

Shugaba ta cire tabarau ta murza idonta.

"Ƙarshen aji biyar muna yi musu gwaji. Wadda muka ga za ta ci jarrabawar fita, ta zauna da sunan makaranta. Wadda muke shakka, sai mu yi mata rajista a wata cibiya ta waje, a matsayin mai zaman kanta."

"Don in ta faɗi kada ta ɓata muku suna."

"Don in ta faɗi kada ta shiga lissafinmu. E."

Ko ɓoye-ɓoye ba ta yi ba, abin da ya ƙara ƙona wa Antin rai ke nan.

"Wato da ake cewa kowa ya ci..."

"Duk wadda muka zaunar ta ci. Ba mu taɓa faɗin abin da ya wuce haka ba."

"Iyayensu sun sani?"

"Wasu sun sani. Wasu ba su tambaya ba."

Maganar ta sauka inda aka aike ta.

"Hajiya, mutane sun ji maganata sun kawo 'ya'yansu nan. Akwai wanda ya ciro 'yarsa daga wata makaranta saboda ni."

"Kuma bai yi asara ba. Kin zagaya ai. Kin ga ruwa, kin ga littattafai, kin ga nas. Je ki sauran makarantun ki ƙirga wadda take da rabin haka."

"A bayan kicin ban ga ko alli na kirki ba."

Shugaba ta jingina da kujera.

"Bari in gaya miki yadda na karɓi makarantar nan. Rufin ɗakin kwana yana yoyo, yara suna kwana da lema. Malamin kimiyya guda ne, shi ma yana neman canji. Na yi ta sintiri a ma'aikatar ilimi har masu gadi suka san takalmina. Abin da aka ce mini shi ne, kayan aiki na makarantar da ta nuna sakamako ne. To da me zan nuna sakamako? Aji ɗaya ya cika har wasu suna zama a taga. Sai na zaɓa."

"Kika zaɓi wasu, kika zubar da wasu."

"Na zaɓi in ceci waɗanda zan iya. Shekarar da muka zo na ɗaya aka turo mana malamai. Ta biyu aka gina ɗakin gwaji. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, Anti."

"Waɗanda ke baya fa, nawa ne suke ci?"

Karo na farko dattijuwar ta kawar da kai.

"Kaɗan."

"Kina bin labarinsu bayan sun fita?"

"Wasu suna gaishe ni a kasuwa. Wasu suna canza hanya in sun hango ni."

Ana jin muryar wani malami daga nesa yana nanata wa 'yan gaba wani abu.

"'Yata ba daƙiƙiya ba ce," in ji Antin, muryarta ta sauka. "Ita take zuwa ta uku, ta huɗu."

"Da can. Tun da aka yi muku rasuwa yarinyar nan ba ta dawo daidai ba. Sai ta zauna a aji ido buɗe, amma ba ta nan. Mun aika a kira ki."

"Ban samu saƙo ba."

"Ita muka ba. Da muka ji shiru na ce a buga miki waya, ta zo nan ta durƙusa inda ƙafarki take, tana roƙona kada a gaya miki. Ta ce abin da ke kanki ya ishe ki."

Antin ta dubi tabarmar roba da ke ƙarƙashin ƙafarta. Ta janye ƙafar.

"Da kin kira ni duk da haka."

"Da na kira. Wannan kam ba ni da ta cewa."

Shugaba ta mayar da tabaranta, ta nuna rikodar da haɓa.

"Na ga jar fitilar abin nan tun da kika ajiye shi. Ban hana ki ba. Na gaji da riƙe maganar ni kaɗai, ko a gida babu wanda nake faɗa wa. In kin ga dama ki sa wa duniya ta ji yau da yamma."

"Zan sa."

"To amma ki san abu ɗaya. Ranar da ma'aikata ta ji, bincike za ta turo. Abu na farko da za su yi shi ne soke rajistar cibiyar nan, don ba bisa ƙa'ida aka yi ta ba. An kuma riga an rufe rajistar bana. Ni ritaya ta kusa, ba abin da zan rasa sai suna. Su kuwa yaran bayan kicin, babu wadda za ta zauna jarrabawa a shekarar nan. Har taki."

"Barazana kike yi mini?"

"Lissafi nake yi miki. Ni ma shi ya hana ni barci."

*

Shalele ce ta raka ta wurin mota. Suna tafe, tsakaninsu kamar wani zai iya wucewa.

Antin ta buɗe ƙofar motar, ta fasa shiga.

"Me ya sa ba ki gaya mini ba?"

Yarinyar tana wasa da bakin hijabinta.

"Ta ina zan fara?"

"Ta ko'ina. Ni ce fa."

"Mama, kin gaya wa duk gari 'yarki tana makarantar da ba a faɗuwa."

Antin ta saki ƙofar motar.

"Muna jin ki ai. Akwai wadda ta ɓoye waya a ajinmu, kullum da yamma sai an kunna shirinki. In kika ce 'ni ma tawa 'yar tana can', sai duk su juyo su kalle ni. Da farko dariya suke yi. Yanzu sun daina, tausayina suke ji."

"Shalele..."

"Kuma in kin zo ziyara, sai in ga kin rame. In na tambaye ki ya gida, ki ce lafiya lau. Ni ma sai in ce lafiya lau."

Wata iska ta ɗago ƙasan labulen wani aji. Antin ta miƙa hannu ta gyara wa 'yarta wuyan riga, don ba ta san me za ta yi da hannun ba.

"Ina buɗe littafi sai in ga Baba yana duba mini aikin gida. Sai in rufe. Haka har aka yi gwajin."

"Ki haɗo kayanki mu tafi gida. Zan samo miki malami, ki yi karatun a gabana."

"Su kuma fa?"

"Su wa?"

"'Yan ajinmu. Doguwar nan da kika gani a allo, babanta makaho ne, ita yake jira ta zama nas. Bai san tana baya ba. Ita take koya mini lissafi, ni ina koya mata Turanci. In na tafi wa zai yi mata?"

"Ke nake ji, ba kowa ba."

"Na sani." Ta ɗago ido a karo na farko. "Za ki faɗa a rediyo?"

"In na faɗa, an ce za a soke muku jarrabawa."

"In ba ki faɗa ba, baɗi ma a cika ɗakin nan da wasu."

"To me kike so in yi?"

Aka buga ƙararrawa. Shalele ta ja da baya.

"Ni ma ban sani ba, Mama. Ki gaida gida."

Ta faɗi haka ne da sabo, sai kuma duk su biyun suka tuna babu wanda za a gaisar. Yarinyar ta juya da sauri ta bi lungun kicin.

*

Antin ba ta biya gida ba. Ta yi fakin a harabar gidan rediyon, ta zauna cikin mota da rikodar a cinyarta. Ta ɗauko waya tana bin sunaye, tana neman wanda za ta kira ta ce masa, ka ji abin da ya same ni. Sunaye ga su nan birjik, na masu sauraro, na masu talla, na 'yan uwan da rabonta da su tun zaman makoki. Ta kai ƙarshe ta kife wayar.

Da marigayi yana nan, da ya ce mata, "Sha ruwa tukuna, sannan mu yi tunani."

Ko ruwan ba ta sha ba ta shiga.

Furodusa ya tare ta a baranda da fara'arsa.

"Anti, an samo mana sirrin? Tun safe muke tallar shirin. Layukan waya har sun fara cika."

"An samo."

"Kawo in ba injiniya ya ɗora."

Ta ƙara damƙe rikodar.

"Bari tukuna. Mu fara da kiran masu sauraro."

Ya dube ta da mamaki, amma bai ja ba.

Ta shiga ɗakin watsa shiri ta ja ƙofar mai nauyi. Nan ne wurin da ya fi ko'ina shiru a duniyarta, teburi, makirfo, da gilashin da take hango furodusa ta cikinsa. Ta sa abin ji a kunne. Fitilar ja ta kama.

Muryar da gari ya sani ta fito da kanta, sumul, kamar kullum. Ta yi gaisuwa. Ta ce yau za a yi magana a kan yadda iyaye za su gane makarantar da ta dace da 'ya'yansu mata. Ta ce kada a tsaya ga sakamakon da aka manna a bango, a tambayi yara nawa suka fara, nawa aka zaunar. Ta ce in an je ziyara a zagaya har bayan gini.

Furodusa ya ɗaga gira ta bayan gilashi. Ba haka suka tsara ba.

Ya ɗaga yatsa, alamar ga kira. Ta danna maɓallin.

"Muna tare, wa ke kan layi?"

Ana jin numfashi, da motsin mutane da yawa a kusa da wayar.

"Ina wuni, Anti."

Ko cikin kasuwa aka yi wannan muryar za ta tsince ta.

"Ni ɗaliba ce a makarantar da kika je yau. Ba ni kaɗai ba ce, duk 'yan ajinmu muna nan. Mun yi shawara."

Furodusa ya gano akwai matsala. Ya miƙe tsaye yana yi mata alama da hannu a wuya cewa ta yanke layin.

"Mun san abin da zai iya biyo baya," in ji Shalele. "Za ki bar mu mu yi magana, Mama, ko za ki kashe?"

Yatsan Antin Rediyo yana kan maɓallin yanke layin.